Turaren Amaryar Gidan Injiniya Bala

Laraba da dare, Nuwamba 2019, International City, Dubai

Allah ka gafarta mini, yau da fushi zan kwana.

Kamfanin mai sun ce ba za su sabunta wa 'yata Hafsatu aiki ba. In aiki ya tafi biza ta tafi, ni da nake zaune a ƙarƙashin bizarta sai mu tattara. Duk saboda walimar Juma'a a gidan manajanta. Manajanta, Injiniya Bala, ya ce girgizar ƙasa ikon Allah ce, khalas, magana ta ƙare. 'Yata ta ce, "Baba, gurɓataccen ruwan da ake ɗurawa cikin ƙasa bayan an haƙo mai, shi ma yana iya motsa ta." Kanta a sunkuye ta faɗa. Ya dube ni yana dariya: "Hajiya, 'yarki ta fi Allah sani ke nan?" Na ci gaba da cin tuwonsa da ke gabana.

Ban san wa ke da gaskiya a kan ruwan ba. Na dai san wanda ya yanke mata abinci.

Ɗazu matarsa ta aiko da itacen sandal da farcen turare, wai in haɗa wa 'yarsu amarya turaren wuta da humra, don duk Dubai babu mai hannuna. Ko ledar ban kwance ba. Gobe zan hau bas in mayar musu da kayansu har gidansu a unguwar Rigga, in gaishe shi da kyau. Su sayi na kanti, dangin ango daga Maiduguri su sansana su gane.

Ya Allah, ka bi wa yarinyar nan haƙƙinta, kuma ka gaggauta.