Uwar Kwaɓin Kakanki

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya aikin ɗakin gwaje-gwaje? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa. Maƙwabcinmu Mai Gyaran Rediyo ne riƙe da biro, ni ke faɗa, kuma na gargaɗe shi kada ya tace mini magana.

Tun shekarar babbar ambaliya, da ruwa ya ci gada ya shigo gidan burodinmu har ƙugu, nake kula da uwar kwaɓin nan. Ranar kakanki ko takalmi bai ɗauka ba, tukunyarta ya ɗora a ka ya fita. Daga jikinta ake gutsura a kwaɓa burodin kullum, a mayar mata da fulawa da ruwa. Ga shi yanzu ta ƙi tashi.

An karanta mini bayaninki kan ɗan gutsurenta da na aika miki. Kin ce yis ɗin cikinta bai mutu ba, wata ƙwayar halittarsa ce ta yi shiru, wadda ke ba shi ikon cin zaƙin da ke cikin fulawa. Wato yana zaune cikin rumbu, yunwa na cin sa.

Yayanki, tunda na damƙa masa gidan burodin, ya ce in zubar da ita, yis na leda ya cika kanti. Ɗakinta yake so, zai kafa sabon inji. Wai jinyar gawa nake yi. Na ce masa gawar ce ta ɗinka masa wandonsa na farko.

Ke kika ce cikin dubban dubbai na ƙwayoyin yis akan sami ɗaya ya gyaru da kansa, kuma ba a gane shi sai an hana kowa sukari. Wannan na riƙe. Na rarraba ta a kwalabe, fulawa da ruwa kawai. Mun yi da yayanki: in ba ta farfaɗo ba kafin inji ya iso, ya ɗauki ɗakin.

Ki gaida kowa.
Babanki, Mai Burodi

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin ƙaramin, tarin ya sauka?

Ta tashi! Ba ta cikin tukunya ba, wadda nake lallaɓawa kamar jaririya. Wata kwalba ce ta bayan ƙofa, da na kusa mantawa da ita. Na shiga da safe na tarar ta ture murfi, kumfa na gangarowa ƙasa. Na zauna a kan buhun fulawa, ban san hawaye sun zubo ba sai da na ji gishiri a baki. Mai Gyaran Rediyo ya ce a cire wannan, ba girmana ba ne. A bar shi.

Yayanki ya leƙo, ya shinshina, ya ce ƙila wani baƙon yis ne iska ta kwaso. Ga cokali guda nan na ba direban da ke zuwa wajenku. Ki duba, ki faɗi gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Babanki, Mai Burodi

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Amsarki ta iso, kuma ban ji haushinki ba, ni na ce ki faɗa.

Kin ce yis ɗin jinin na kakanki ne, ba baƙo ba. Amma ɓarnar farko tana nan inda take, wata canjawa ce ta biyu ta faru a wani gefen ta rufe mata asiri. Yis ɗin bai koma yadda yake da ba, hanya ya sake.

Yayanki ya kama wannan kamar kare da ƙashi. Wai farfaɗowa muka ce, ba faci ba. Na gasa gwaji kuma ba zan yi miki ƙarya ba: tana jan jiki wajen tashi, tsaminta ya ɗan fi na da. Ya ce masu saye ba za su jira tsohuwa mai ɗingishi ba. Na tambaye shi, tun da gwiwata ta lalace na koma takawa da ɗayar, wani uban ya sake? Ya juya ya fita. Amma inji ya iso, yana ƙofar gida cikin akwati.

Ɗaki dai na bar masa, ba zan yi kokawa da ɗan cikina a gaban ma'aikata ba. Tukunya kuwa ta koma kusa da gadona, mamarku tana mita wai ɗaki na warin tsami. Abin da ya tsorata ni shi ne, duk tarihin gidanmu a tukunya ɗaya yake, a hannun tsoho ɗaya.

Kin san Gajere, mai gidan burodin tsallaken titi, da muka tsufa muna ƙwace wa juna masu saye. Tun muna samari yake roƙon ko ɗan yatsa ɗaya na uwar kwaɓin nan, ina hana shi. Gobe da sassafe zan raba ta biyu, in tsallaka titi a kan idon yayanki, in ba Gajere rabi, shi kuma ya ba ni gefen tandarsa in riƙa gasa nawa burodin.

Ki shafa mini kan yara.
Babanki, Mai Burodi