Ƙasar Tawa Ce, Bishiyar Ta Gwaggo

Mama Sauda, assalamu alaikum. Don Allah ki ara min kunnenki, ki taimake ni da shawara, domin na rasa wanda zai saurari maganar nan har ƙarshe bai katse ni da “ai ke ma” ba. Ki sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya san unguwarmu a garin Pangani yana karantawa zai ce wance ce.

Ina da ƙaramar makarantar renon yara a gidan da babana ya bar min. Da 'ya'yan maƙwabta na fara a baranda, daga tabarma sai tukunyar kunu, har abin ya zama ɗakuna biyu da malamai biyu. Yawancin iyayen mata ne masu sayar da kifi, su ajiye min yaro da safe su tafi nema hankalinsu kwance. Bana aka ce sai jami'in kula da lafiya da tsaron yara ya zo ya duba da idonsa kafin a sabunta wa kowace makaranta izini. Wata ƙungiya mai taimaka wa irinmu mu shirya wa wannan duba ta turo mana ma'aikaciyarta, Bi Mndeme. Ba zan ci naman matar nan ba, mutuniyar kirki ce, ta kuma san aikinta. Har rarrafe ta yi a aji don ta ga abin da hannun yaro zai iya kaiwa. Ta ce a yi wa rijiya murfi mai kwaɗo, aka yi. Ta ce ƙofofin aji su riƙa buɗewa ta waje, na kira kafinta. Muka raba murhu da wurin wasa, muka rataye abin kashe gobara, muka ɗage magunguna da sabulun wanki sama. Duk na yi da daɗin rai, don ni ma na san gyara ne. Sai ta fito tsakar gida ta ɗaga kai sama, ta daɗe ba ta sauke ba.

Bishiyar kwakwa biyu ce a gidan. Babbar ta karkato daidai kan lilo da yashin da yara ke wasa, ɗayar tana bayan kicin a hanyar banɗaki. Bi Mndeme ta ce ƙwallo ɗaya ya faɗo daga wannan tsayi ya isa ya kashe yaro, kuma babu jami'in da zai sa hannu yana ganinsu haka. Ta ba ni zaɓi: ko a kewaye ƙarƙashinsu da shinge a riƙa sa mai hawa yana sauke 'ya'yan da busassun rassa a kai a kai, ko a sare. Na ce mata to. Abin da ban gaya mata ba shi ne bishiyoyin nan ba nawa ba ne.

Kin san yadda abin yake a nan gaɓar teku, ƙasa da mai ita, bishiya da mai ita. Kakana tun yana da rai ya ba babana filin, ya ba ƙanwar babana, Gwaggo Mwanamkuu, kwakwar. Ya ce 'ya mace aure zai kai ta wani gida, to ga abin da zai riƙa dawo da ita gidan ubanta, ba kuma wanda ya isa ya tambaye ta me ta zo yi. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, aure biyu ta yi duk mazan suka rasu. Da mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, ita ta ɗauke ni, ita ta yaye ni, ita ta raka ni ɗakin miji tana kuka tana zagin dangin ango. Duk lokacin sauke kwakwa sai ta taho daga ƙauyensu da tsoho Kombo mai hawa, ta shimfiɗa tabarma a gindin babbar, tana yi masa tsiya wai ya tsufa, ƙadangare ma ya fi shi sauri. In aka sauke ta rarrabar wa maƙwabta, ta goge biyu ta dafa mana shinkafa da madarar kwakwa, ta koma gida da abin da bai cika kwando ba. Tun ina yarinya na san ba don kwakwar take zuwa ba.

Na auna shingen a raina, na ga idan na kewaye babbar, rabin filin wasa ya tafi, jami'in kuma yana duba faɗin wurin wasa. Ina cikin wannan jan ƙafa sai wata safiya iska ta taso, busasshen reshe ya ɓallo ya faɗi a bayan wata yarinya mai suna Tatu, gefensa ya karce mata ƙafa. Ba wani ciwo ba ne, amma da na ɗauke ta na fi ta tsorata. Uwarta da ta zo ɗaukarta ba ta yi faɗa ba, ta dube ni kawai ta ce, “Malama, ita kaɗai gare ni fa.”

A wancan satin Gwaggo tana tsibirin Pemba wajen biki. Waya tana hannuna, Mama Sauda, ba zan ce babu hanyar samunta ba. Na san in na kira za ta ce in jira ta dawo, in ta dawo kuma za ta ce kwakwar nan ta girme ni ba ta taɓa kashe kowa ba, mu yi ta ja har jami'i ya zo. Sai na ce bari in yi ta maza, in ta tarar an gama za ta yi faɗanta na kwana biyu ta huce, yadda ta saba. Na aika wa tsoho Kombo, ya ce shi ba ya sa gatari a itacen da mai shi ba ta nan. Na ji haushinsa, na ce tsufa ne ke damunsa, na kira masu injin yanka daga gari. Kafin azahar babbar tana kwance. Don kada katakon ya lalace na sa aka yanka shi aka yi wa yara benci, har ina jin na yi dabara.

Da Gwaggo ta dawo, na shirya wa zagi. Wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta yi sallama, ta ce, “Masu gida, ana iya shigowa?” Matar da tun da nake ban taɓa ganin ta jira izini a ƙofar nan ba, sai dai ka ji muryarta a kicin tana cewa wa ya bar tukunya a buɗe. Ta shigo ta dubi kututturen, ta dubi bencin da yara ke zaune a kai suna shan kunu, ta shafa kan ɗaya daga cikinsu. Ni kuma bakina ya ƙi tsayawa, ina ta zuba bayanin izini da jami'i da ƙafar Tatu. Sai na ƙara wa kaina wata, na ce zan biya ta kuɗin bishiyar. Ta ce, “Allah ya yi albarka,” ta juya ta fita, ko ruwa ba ta sha ba.

Tun daga ranar ta ɗauke ƙafa. In na kira ba ta ɗauka. Na aika mata da atamfa da sukari, suka dawo yadda suka tafi, tare da saƙo ta bakin mai kawowar: “Ki ce mata ta sare ɗayar ma, ta huta.” Maigidana ya ce shi ke nan ai ta ba da izini, in kira masu inji a wuce wurin, wai ina ɗaukar fushin tsofaffi da zafi. Jami'i zai zo farkon zangon karatu mai zuwa. In ya tarar da ta bayan kicin yadda take, ba zai sa hannu ba, matan nan kuma ba su da inda za su kai 'ya'yansu. In na sare, na san abu na ƙarshe da Gwaggo ke da shi a gidan ubanta na cire da hannuna. Ba na nadamar kare yaran mutane, amma ina nadamar yadda na yi, nadamar da ke hana ni cin abinci. In sare ko in bari? Kuma ta ina zan ɓullo wa matar da ta goya ni?

Malamar Yara, Pangani

*

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na fara da abin da kika yi daidai, don kada nadama ta sa ki zubar da shi. Bi Mndeme ba ta yi ƙarin gishiri ba, kwakwa a kan wurin wasan yara haɗari ne na gaske, kuma amanar 'ya'yan mutane a wuyanki take. Da kin yi shiru har wani abu ya sami yaro, da wasiƙar da za ki rubuto min ba ta da amsa. Tsoron da kika ji da kika ɗauki Tatu, tsoro ne mai kyau, ki riƙe shi.

Amma kin sare abin da ba naki ba, kina sane, kuma kin zaɓi lokacin da mai shi ta ba da baya. Kin yanke wa gwaggonki hukunci cewa ba za ta fahimta ba, ba ki ba ta damar ta ba ki mamaki ba. Matar da ta reni marainiya, wadda ta shafa kan yaro yana zaune a kan itacenta, ba na jin ita ce za ta fifita kwakwa a kan ran ɗan mutum. Wataƙila da ta ja da ke, ta yi miki tsiya, daga baya ta kira mai sara da kanta. Wannan damar kika ƙwace mata, ita ce kuma ta fi itacen yi mata ciwo.

Saƙon da ta aiko ba izini ba ne, ki gaya wa maigidanki ni na ce. Magana ce ta wadda ranta ya ɓaci, tana jira ta ga ko za ki ƙarasa. Kada inji ya sake shiga gidan nan a kan wannan saƙo.

Daga gobe ki ɗaure igiya ki sa ƙyauren wucin gadi a bayan kicin, ki canja wa yara hanyar banɗaki, ko da zagaye ne. Wannan ba ya jiran sulhu, ba ya kuma taɓa haƙƙin kowa. Sannan ki koma wurin Bi Mndeme ki gaya mata abin da kika ɓoye. Ba ke kaɗai ce mai makaranta a filin da bishiyarsa ta wani ce ba, aikinta ne ta nemo miki hanya. Ita da bakinta ta ce shinge da saukewa a kai a kai sun wadatar, ta bayan kicin kuma ba ta cin filin wasa. Ta zo ta auna, ta gaya miki iyakar da jami'i zai yarda da ita.

Sai zuwa wurin Gwaggo. Ki je da ƙafarki, ki bar aike. Kada ki riƙe atamfa, kada ki sake ambaton kuɗi, ki bar jami'i da izininsa a gida. Ki nemi dattijo ɗaya da take jin nauyinsa ya raka ki, tsoho Kombo ma ya isa, tunda shi ya ƙi abin da kika yi. Ki durƙusa ki ce kin sare mata bishiya ba da saninta ba, kin yi laifi, ki yi shiru. Duk bayanin da ya taso miki ki haɗiye shi, ta riga ta ji shi sau ɗaya. In ta kore ki, ki koma bayan kwana biyu. Sai ta sauko sannan ki roƙe ta ta zo ta duba ta bayan kicin, ki ce tata ce, ga abin da ake tsoro, ga shingen da aka ce a yi, me ta gani? In har wata rana sara ya zama dole, ya fito daga bakinta, a gabanta. In wannan ya ja miki jinkirin izini na ɗan lokaci, ki gaya wa iyayen yara gaskiya ki jure, makaranta ba ta mutuwa don ta makara zango ɗaya.

Na san za a ba ki shawarar ki dasa mata sabuwa a gefen da yara ba sa zuwa. Ki dasa, da hannunta in ta yarda, a gaban shaidu, a ce tata ce. Sai dai kwakwa tana shekaru kafin ta yi 'ya'ya, gwaggonki kuwa ba yarinya ba ce, mai yiwuwa ba za ta ga 'ya'yanta ba. Kada ki jira itace ya yi miki biko. Ki tafi cikin satin nan, tun tana da ran da za ta yi fushi da ke, tun kina da wadda za ki ba haƙuri.

Allah ya sanyaya mata zuciya, ya daidaita tsakaninku, ya tsare miki yaran da aka ba ki amana.

Mama Sauda