An Ce Dija Ba Ta Da Lissafi

Talata, 9 ga Satumba, da dare.

Shekara talatin ina faɗa, waɗanda ba su iya raba goma gida uku ba su ne ke zaune a ofis suna yanke wa masu ilimi hukunci.

Yau na raka Dija, 'yar ƙanena, ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'a. Ta ci A a babban lissafi, wanda ni na koya mata a kan tabarmata a unguwarmu ta Rumde. Ƙaramin, na kowa da kowa, ba ta rubuta ba, domin ranar jarrabawar an tsare motarsu awa uku a shingen bincike.

Ma'aikacin ko takardar bai taɓa ba. Ya ce, "Baba, ƙaramin ake nema. Wannan ƙari ne kawai."

Na ce ya nuna mini inda aka rubuta haka, ya ce kwamfuta ta ɗauke. Ina zargin sun riga sun ajiye gurbin wa ɗan wani.

A hanya Dija ta ce, "Bappa, ƙila gaskiya ya faɗa."

Yau aka rufe karɓar takardu. Karatun injiniya ya wuce ta bana.