Ya cire sunana, ya bar ƙasata da sashena a kan allo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, kuma a ɓoye shi da gaske, in kun karanta za ku gane dalilin da ya sa na jaddada. Don Allah shawararku nake nema, don yadda zuciyata take tafasa yanzu, in na yanke hukunci ni kaɗai ɓarna zan yi.

Ni nas ce, a ICU, sashen masu tsananin rashin lafiya, nake aiki a wani asibiti mai zaman kansa a nan Riyadh, maigidana da yara suna gida Najeriya. Tun zuwana akwai wani gidan Hausawa a unguwar Ulaisha da suka riƙe ni kamar jininsu. Mijin bari in kira shi Injiniya, matar kuma Yaya nake ce mata. Su suka ɗauko ni daga filin jirgi, su suka yi ta zirga-zirga da ni har iƙamata, wato katin izinin zama, ta fito, ranar Juma'a in ba ni da aiki tare muke zuwa kasuwar Aziziya mu sayo tumatir da tattasai kwali-kwali mu raba. Yaransu a nan aka haife su, Larabci ya cinye musu Hausa, amma Anti dai suna iya faɗa, kuma da gudu suke tarbata. Na kawo wannan ne don ku san ba bare ne ya yi min abin da aka yi min ba.

Shi Injiniya kwamfuta ya karanta, kuma a sashen kwamfutocin asibitinmu ya yi shekaru. Akwai lokacin da aiki ya so ya kayar da shi, hawan jini, rashin barci, sai ya faɗa wa wannan abin da ake kira mindfulness, wato a zauna a natsu, a ja numfashi, mutum ya lura da abin da ke yawo a zuciyarsa. Ya ji daɗinsa, ya yi kwas na 'yan makonni a intanet, aka ba shi satifiket. Da nas-nas suka fara ajiye aiki saboda gajiya, maimakon a ƙaro mana hannu, sai asibiti ya buɗe ofishin walwalar ma'aikata, aka ɗora shi a kai. Su uku ne a ofishin. Ban da shi, ɗayar a da can a otal take tarbar baƙi, ɗayan kuma daga ofishin ɗaukar ma'aikata aka dawo da shi. An ce akwai wata likitar halayyar ɗan'adam da ke ba su shawara, sunanta na nan a ƙofa, amma har yau ban ga wanda ya taɓa ganin fuskarta ba.

Da farko ƙin zuwa na yi, na ce ni sallata da azkar sun ishe ni. Yaya ce ta matsa min, wai sabon ofishi ne, in ba a ga mutane ba za a ce ba shi da amfani a rufe, in taimaki ɗan'uwana. To na je, har abokan aikina na ja. Ana cire takalmi a zauna a zagaye a kan kafet, a yi numfashin, sannan duk mai abin faɗa ya faɗa. Da bakinsa ya ce abin da aka faɗa a ɗakin nan a ɗakin zai tsaya, sai dai suna ɗan bincike don a ga ko abin yana amfani, kuma ba za a taɓa sa sunan kowa ba. Na yarda, don mutumin da nake cin tuwon gidansa ne.

A lokacin ina cikin wani hali da ko maigidana ban faɗa wa ba. Wata mata sa'ata da na daɗe ina jinya ta rasu a hannuna, ba laifin kowa, kwananta ne ya ƙare, amma abin ya tsaya min. In zan zuƙi magani a sirinji sai hannuna ya kama rawa, in na saita injin ƙarin ruwa sai in yi ta komawa ina dubawa, wani lokaci in shige sito in yi kukana in wanke fuska in fito. Ban taɓa kuskuren magani ba, Allah shaida. Wata rana a zaman nan kawai na ji bakina ya buɗe, na faɗi duk wannan, har na ce wani sa'in ina tambayar kaina anya har yanzu na cancanci tsayawa a kan marar lafiya. Na fito ranar ina jin kamar an sauke min dutse daga ƙirji.

Sai ga babban taron ma'aikata, mudir, wato shugaban asibitin, yana gaba, shugabannin sassa duk suna nan, ni ina can baya. Injiniya ya hau ya fara bayanin nasarorin ofishinsa, ina ma taya shi murna a raina. Kawai sai ga maganata a kan allon majigi, da manyan baƙaƙe, kalma bayan kalma, rawar hannun, kukan sito, har da anya na cancanta. A ƙasa an rubuta: nas, 'yar Najeriya, ICU. Jama'a, ni kaɗai ce 'yar Najeriya a ICU ɗinmu. Kuma duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya sani, kafin a tambayi sunanka an tambayi ƙasarka, ko mai shara ya san wace ce nas 'yar Najeriya ta ICU. Ina kallo kawuna suka fara juyowa baya ɗaya bayan ɗaya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, shi kuwa yana ta murmushi ana tafa masa.

Washegari mushrifarmu, wato shugabar nas-nas ta sashen, ta kira ni ofis, ta zuba min shayi, tana ta habibti habibti, ta ce in gaya mata tsakani da Allah ko ni ce. Na ce abin da aka faɗa a wancan ɗakin ba ni da ikon magana a kai. Ba ta iya rubuta komai a fayil ɗina ba tunda babu suna, amma tun daga ranar aka karɓe makullin kabad ɗin magunguna masu ƙarfi daga hannuna, aka daina ba ni marasa lafiyar da jikinsu ya yi tsanani, in zan haɗa allura sai in ga wata ta zo ta tsaya a gefena kamar wucewa take. Ni da ake turo min sababbi in koya musu aiki. Ga sabunta kwantiragina ya matso, kuma abin da mushrifa ta rubuta shi ake bi.

Na wanke ƙafa na je har gidansu. Wallahi da ya ce Anti na yi kuskure ki yafe min, da wataƙila ban rubuto muku ba. Cewa ya yi ai ya cire suna, wai haka ake yi, a goge layin suna a bar na ƙasa da na sashe don a iya tantance bayanai, haka ya saba tun yana kwamfuta. Wai maganata ce ta fi taɓa zuciyar mudir, da ita aka amince ofishin ya ci gaba, har kamar yana jira in yi masa godiya. Da na ɗaga murya, kun san me ya ce min? Wai in ja numfashi, in lura da inda fushin yake zaune a jikina, kar in yi faɗa da shi. Filas ɗin shayi na gabana, Allah ne kaɗai ya riƙe min hannu. Na ce masa fushin ba a jikina yake zaune ba, ga shi nan a kan kujera sanye da jallabiya. Na ɗauki jakata na fita, Yaya tana kirana ban waiwaya ba.

Abin da ke ci min rai ke nan. Ni kafin a bar ni in sa wa mutum allura a ƙasar nan, sai da aka bi takarduna har makarantar da na yi, na zauna jarrabawa, aka ba ni lasisi, kuma ina sabunta shi. In na kuskura na yi zancen marar lafiya a cikin lif, ko da lambar gadonsa kawai na faɗa, a bakin aikina. Tun muna ɗalibai aka dasa mana cewa ba suna kaɗai ke tona mutum ba. Amma mai gyaran kwamfuta da mai tarbar baƙin otal an ba su ɗaki, an ce su buɗe cikin mutane, ba lasisin da za a ƙwace, ba wanda ke duba su. Ban ce injiniya ba zai iya wannan aikin ba, na san mutane daga fannoni daban-daban suke shigarsa kuma wasu sun iya. Amma riƙon sirrin mai rauni ilimi ne da ake koya, kyakkyawar niyya ba ta isa. Na tambayi wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Sudan da nake girmamawa, a kaikaice, ya ce duk binciken da ya shafi mutane sai ya bi ta kwamitin ɗa'a na asibiti kafin a fara. Na bincika, nasu bai bi ba, shi Injiniya bai ma san ana bi ba.

Yanzu ga inda na tsaya. In na kai ƙara kwamitin, kusan tabbas korarsa za a yi, kuma kun san a nan aiki shi ne iƙama, in ya tafi ta tafi, sai dai su tattara su koma gida da yaran da ko gaisuwar kakarsu ba sa iya mayarwa da Hausa. Sannan ƙara ba a kai ta a ɓoye, sai na sa sunana na ce ni ce mai maganar, daga nan kuma dole a tura ni a duba ko lafiyata ta isa aiki, abin ya shiga fayil ɗina ya bi ni duk asibitin da na nema. In kuma na yi shiru, ina ji ina gani za a zare ni daga ICU a hankali, kwantiragi ya ƙare a ce min ma'assalama, ba tare da kowa ya faɗi dalili ba.

Shekaranjiya Yaya ta zo masaukinmu da kular dambu, tana kuka, tana ƙanwata ki rufa mana asiri, ki dubi yaran nan. Na ce Yaya ni wa ya rufa min nawa? Sai ta ce ai sun samo mafita. Akwai wata 'yar'uwarmu 'yar Najeriya da ta ɗan yi aiki a sashenmu, ta halarci zaman farko-farko kafin ta ajiye aiki ta koma gida. Wai Injiniya zai je wurin mushrifa a asirce ya ce maganar waccan ce ba tawa ba, shi ke nan ni na fita, shi ma ya fita, ita kuwa ai ta tafi, me zai same ta? Baiwar Allah nan na san tana neman aiki a wata ƙasa, kuma wurin wannan mushrifar za a tambayi halinta. Wato har yanzu bai gane abin da ya yi ba, so yake ya maimaita shi a kan wadda ba ta nan balle ta kare kanta. Kuma ba zan ɓoye muku ba, sai da na yi jim kafin na ce a'a, wannan jim ɗin ya fi komai ba ni haushin kaina. Ta ce in dai sake tunani, tayin yana nan.

To 'yan'uwa, musamman ma'aikatan lafiya da ke ƙasar nan da masu ilimin addini, don Allah ku faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. In kai ƙara in tona kaina in kuma rushe gidan da ya riƙe ni? Ko in haɗiye in zuba ido aikin da na sha wahala a kansa ya zame min? In na yi shiru ya sake yi wa wata, ina da alhaki? Kuma wanda ya san yadda kwamitin nan ke aiki, akwai hanyar da za a taka masa burki ba tare da an kore shi ba?

Abin da ya fi ƙona min rai ban ma faɗa muku ba. Hannuna ya daina rawa tun kafin taron nan, na daina shiga sito, barcina ya dawo, kuma ba zan yi ƙarya ba, numfashin da ya koya min yana cikin abin da ya taimaka. Na warke sarai. Amma ba ni da bakin zuwa in ce wa mushrifa na warke, don ranar da na faɗa, ranar na amsa cewa ni ce. Ya zan yi?