Na ce wa Hajiya jirgi ne, ban ce mata na ruwa ba

Salamu alaikum 'yan gida. Admin a rufa min asiri a cire sunana. Shawararku nake roƙo don girman Allah, don abin nan ya hana ni ko kallon idon mahaifiyata.

Yayana ne zai yi aure a Tanzaniya, can yake aiki. Yarinyar 'yar Chake Chake ce, wani gari a tsibirin Pemba. Daga Abuja za mu sauka a birnin Zanzibar, shi ma a tsibiri yake, sannan a tsallaka zuwa garinsu. To Hajiyarmu ba ta shiri da ruwa ko kaɗan, ƙanwarta a kwalekwale ta rasu tun suna 'yanmata, a kan idonta. Matar da ko gadar Lokoja za a hau sai ta rufe ido tana salati har a wuce.

Da farko cewa ta yi ba za ta ba. Ni kuma uwar iyayi, ni ce mai aiki a ministiri, komai na tafiya ni ake tambaya a gida. Yaya ya turo min saƙo cewa surukansa sun tanadi jirgi daga Zanzibar. Ban tambaye shi komai ba, na duba waya na ga tafiyar wajen rabin awa ce a sama. Na tuƙa mota har gidanta a Gwagwalada na zauna na lallashe ta, na ce kafin ta gama jan carbi an sauka, har ina mata tsiya wai tsoro kamar ba ita ta je Makka ba. Ta yi dariya ta amince.

Shekaranjiya muna waya da Yaya sai na ji yana maganar maganin amai. Na ce aman me? Ashe jirgin ruwa yake nufi! Awanni ana tafiya a tsakiyar teku. Na hau shi da faɗa kan me ya sa bai ce na ruwa ba, shi kuma ya ce ai su can in an ce jirgi kowa ya san na ruwa ne, ni da nake ji da boko me ya hana ni tambaya. Na nemi ƙananan jiragen saman, duk sun cika a ranakun, kuma ba a ɗaga ɗaurin aure.

Yanzu Yaya cewa yake in yi shiru, in ta ga ta iso bakin ruwa dole ta shiga. Ni kuma na san hawan jininta. In na faɗa yanzu ba za ta je ba, auren ɗanta na fari kenan, ta gama ɗinki, ta gama sallama da maƙwabta.

Abin da ya fi ba ni kunya, jiya ta tambaye ni ko dai jirgin sama ne, na ce jirgi ne mana Hajiya, na kawar da kai. Ta ce to Allah ya yi min albarka, amma in roƙa mata alfarma ɗaya, kar a ba ta kujerar taga, ba ta son ta leƙa ta hango ruwa. Na ce mata to.

Jama'a ya zan yi? In faɗa mata a Gwagwalada, ko in bari ta gani da idonta?