Abin da Na Fassara wa Yaya Danladi

Kafanchan, daren Asabar, daminar 1975

Ga abin da ya faru. Yaya Danladi ya zo daga Kagoma da roƙo ɗaya: a kawo Baba gidana, kusa da asibiti, domin ƙafafunsa sun kumbura har ya daina zuwa sujada. Na ce zan duba, sannan na kai shi silima don kada mu zauna shiru.

Fim ɗin na Turawan zamanin da ne, masu dogayen riguna da keken doki. Ɗan manomi ya shiga birni ba takalmi, ya ƙare da gidan bene. Na san abin da ke jan mu gare shi: mu da muka bar gona muna so a ce mana tafiyarmu daidai ce. Mutane sun yi ta tafi, ni kuwa ina fassara wa Yaya komai a kunne.

A hanya ya ce, "Bitrus, da yaron ya tafi, wa ya riƙe fartanyar?"

Na ce ba a nuna ba.

"Ai ba za a nuna ba."

Yanzu Yaya yana kwance a falo, da safe zai koma. Bai sake ambatar Baba ba, kuma ina jin ba zai sake ba.

Bitrus

Gyara ɗaya: ba komai na fassara ba. Inda ɗan manomin ya zama attajiri, yayansa ya zo ƙofarsa aka kore shi, na ce gaisawa suke. Yaya ya ce, "Na gani."