Mun Nemi Maganin Tsutsar Ido, Aka Turo Mana Bindiga

Zuwa ga Babban Malamin Dabbobi mai kula da yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Haruna, ina noma da kiwo a Babban Duhu, ƙasar Safana. Ranka ya daɗe, na rubuta wannan a fili ne domin sau da yawa na zo ofishinka ana ce min ka fita rangadi.

Na farko. A tsakiyar daminar nan idon karena Duna, mai gadin shanunmu, ya fara zubar da ruwa, ƙudaje suna binsa. Na ɗaga fatar idon na ga tsutsotsi farare, sirara kamar zare, suna motsi. Ba a jima ba mahaifiyata ta fara kukan wani abu yana yawo a idonta na hagu, ta sosa har ya kumbura. A disfensare aka ciro mata irin tsutsar da hantsaki, ina riƙe da kanta tana salati. Mai maganin ya ce ƙuda ne ke ɗaukowa daga idon kare ya sa a na mutum, ya ce in sanar da ku. Na hau keke na zo na sanar.

Na biyu. Abin da ka aiko mana Landiroba ce cike da mutane masu bindiga da kulake. Da hantsi suka iso, mata na tatsar nono. Ba su yi sallama ba, ba su duba idon kare ko ɗaya ba. Suka harbi Duna a ciki, yana jan hanjinsa a ƙasa suka fasa masa kai da kulki. Karyar maƙwabcina tana shayarwa, suka harbe ta, suka tattake 'ya'yan da takalma. Jini har cikin ƙoren nono. Yayana Isa ya rungume karensa yana roƙon a tsaya a duba, wani ya juya gindin bindiga ya sauke masa a baki. Haƙoransa muka tsinta a cikin kashin shanu, muƙamuƙinsa ya karye. Suka tafi suka bar mana mushe, ƙudajen da ake tsoro suka rufe garken kafin mu gama haƙa rami.

Na uku. A hanya mutanenka sun baza cewa karnukanmu sun haukace. Yanzu matanmu na kai nono kasuwar Batsari su dawo da shi ya yi tsami. Garke ba mai gadi, kura ta farke mana maruƙa. Kwanan nan kuma wata mata a ƙauyen Zakka ta wayi gari da irin ciwon idon mahaifiyata.

Kullum rediyo na cewa arzikin mai ya zo. Ashe harsashi ya fi maganin ido sauƙin samu?

Ina roƙo a turo wanda zai duba idon karnukan da suka rage da na mutane, da magani a hannunsa. A fito a kasuwa a janye maganar hauka. Wanda ya daki yayana a kai shi gaban alƙali. Kai kuma ka zo da ƙafarka ka ga Isa, magidanci mai iyali, ana ɗura masa kunu da ludayi.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare idonka da na 'ya'yanka.

Wassalam.

Haruna, Babban Duhu